Wutar da Injin Tartsatsi Yake Ci

Wudil,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga maigidana, Baban Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jiki? Ya zaman asibiti, ya zafin Gombe? Ƙaninka Ƙasimu ya ce kumburin fuskar ya sauka, har ka fara shan kunu ba sai an riƙe maka kofi ba. Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka gaishe min da Hajiyarku, ina yi mata sannu da jinya. Mu nan lafiya lau muke. Uwani kullum sai ta tambaye ni yaushe likita zai kwance wayar da ya ɗaure wa Babanta baki da ita.

Tunda muƙamuƙinka a ɗaure yake ba ka iya magana, ni kuma wayata rabin yini a mace take, na ga gara in koma takarda. Dalilin mutuwar wayar tawa shi ne abin da zan gaya maka. Lokacin da na zo duba ka ban ga halin faɗa ba, amma yanzu ka ji sauƙi, kuma maganar ta shafe ka.

Ka tuna yammacin da ka kunna injin tartsatsinka a tsakar gida, ana gobe za ka yi tafiyar da ta zo da haɗarin nan? Ka tuna kana kashe shi ba a jima ba taransifomar unguwa ta yi ƙara ta ƙone? Mu a ranar mun ɗauka irin ƙonewar da ta saba yi ce duk bazara. To, mutanen unguwa ba haka suka ɗauka ba. Wasu sun ga tartsatsin ta saman katanga, shuɗi, yana fita daga kan kwanon alminiyon ɗin nan da tsawon kamu biyu, sun kuma ji ƙararsa. Suka haɗa wannan da wancan. Kafin a yi kwana biyu magana ta zagaye layinmu cewa kai ne ka janyo tsawa cikin wayar unguwa, wai injinka yana shan wutar da ta fi ta gida hamsin.

An gyara taransifoma, an dawo da ita shekaranjiya. Kowane gida ya samu wuta ban da namu. Kwamitin unguwa ya sa an sauke wayarmu daga kan fal, tana nan a naɗe a zaure. Alhaji Gwadabe, shugaban kwamitin, ya aiko matarsa ta gaya min cewa ba za a mayar mana ba sai an fito da injin an farfasa shi a gaban jama'a. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Babban firjinsa na ƙanƙara ya lalace a ranar, kuma da shi yake riƙe gidansa. Mutumin da ya yi asara dole ya nemi wanda zai ɗora wa.

Ka san ni da injin nan ba ma shiri. Na yi ƙorafin ƙararsa, na yi ƙorafin warin da yake bari a tsakar gida kamar bayan ruwan farko, na yi ƙorafin watannin da ka kwashe kana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin bututun roba alhali ƙofar bayi tana jiran gyara. Amma ƙin abu daban, yarda da ƙarya a kansa daban. Ni lissafi nake koyarwa. Kullum ina ce wa ɗalibaina kada su kawo min amsa ba tare da sun nuna hanyar da suka bi ba. Wanda ya ce gida hamsin, da me ya auna?

Na ce wa matar Alhaji a ba ni lokaci. Zan auna wutar da injin yake ci. In ya tabbata shi ya ƙone taransifoma, da hannuna zan fito da shi.

Ka huta lafiya. Uwani ta ce a gaishe ka.

Taka,
Mas'uda.


Wudil,
Ranar Talata.

Baban Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka ya jiki. Da fatan ciwon kan da ka ce yana damunka da rana ya lafa. Ya Hajiya da ƙafarta? Allah ya saka mata da alheri.

Ƙasimu ya kawo min 'yar takardarka. Na karanta, na sake karantawa. Ka ce in ba su injin su yi yadda suke so, kada in kusance shi, wutar cikinsa tana kisa, kuma ba ka son in zauna da yarinya cikin zafin nan babu fanka saboda abin wasanka. Na gode da tausayin. Na san daga zuciyarka ya fito. Amma ka yi haƙuri, a wannan karon ba zan bi ba. In aka farfasa shi yau, maganar ba ta mutu ba. Har abada kai ne mutumin da ya ƙone wa unguwa wuta, Uwani kuma 'yarsa ce. Ranar Asabar ta dawo daga islamiyya tana kuka, wai an ce mata 'yar mai tsawa. Zafi muna iya jure shi. Muna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, ruwan randa ma ya ishe mu.

Batun haɗari kuwa ban yi wasa da shi ba. Na je jami'a na nemi Malama Juwairiyya ta sashen injiniyan lantarki, wadda ka taɓa cewa ita ta ba ka shawara a kan tazarar bakin tartsatsin. Ta tambayi jikinka sosai. Da na gaya mata abin da ya faru sai ta ce in kawo injin gidanta, tunda layinsu daban ne da namu. Muka ɗora shi a adaidaita sahu, na rungume bututun a cinyata kamar jariri, direban yana ta leƙowa ta madubi.

Kafin ta bar ni in taɓa komai sai da ta zaunar da ni ta koya min. Ba a matsawa kusa yana kunne. Ba a taɓa shi da hannu biyu. Ko an zare filogi, kwandansan nan da ka jera a ƙasa yana riƙe da wuta, sai an sauke ta da sandar roba mai waya a kai. Ta sa na maimaita sauke wutar har sai da na iya. Ta kuma kafa ƙarfe a ƙasa mai danshi kusa da famfonta ta ɗaura masa waya.

Awon farko bai yi daɗi ba. Ta kawo wata ƙaramar mita mai allon lambobi, irin wadda ake sokawa a soket sannan a soka abin da za a auna a jikinta. Da muka gwada da fanka ta nuna daidai. Da muka kunna injinka sai lambobin suka haukace, ta nuna ɗari biyu, ta nuna dubu tara, ta nuna wasu alamomi da ba lamba ba, sannan allon ya yi fari bai sake dawowa ba. Malama ta ce tartsatsin yana watsa wata irin hayaniya a cikin waya da iska, ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwa ba sa jure ta. Na ji kunyar mitar da na kashe mata. Ta yi dariya ta ce dama ta tsufa.

Sai ta ɗauko wata mai allura, mai baki kamar na kaguwa, wadda ake maƙalawa a jikin waya ba tare da an yanke ta ba. Wannan ta tsaya. Allurar ta hau ta zauna a kan amfiya takwas, ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Na ninka da ƙarfin wutar soket a kaina tun kafin Malama ta buɗe baki, na samu abin da ya kusa dubu ɗaya da ɗari takwas. Kai ka sha ce min injin nan bai wuce wat ɗari uku ba, kamar fanka huɗu. Wannan ya ninka shi kusan sau shida.

Malama ta ce kada in yanke hukunci tukuna, wannan lissafin yana da saura, amma tana da aji, sai mun sake haɗuwa. Na kamo hanyar gida. Na wuce ta ƙofar shagon Alhaji Gwadabe, na ga firjin a waje an juya shi ya fuskanci bango, na kasa ɗaga kai. Duk da haka ban fasa ba. Na ce zan auna, ban ce sai amsar ta yi min daɗi ba.

Ka ci gaba da shan magani a kan lokaci. Allah ya tashi kafaɗunka.

Matarka,
Mas'uda.


Wudil,
Ranar Asabar.

Maigida Baban Uwani,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da gaisuwa da fatan kana samun sauƙi. Na ji an ce ka fara takawa zuwa bakin baranda. Madalla. Kada ka yi gaggawa. Ina gaida Hajiya da duk masu zuwa dubiya.

Takardarka ta biyu ta sa ni murmushi. Ka fara da faɗa, ka ƙare da zanen yadda ake sauke wutar kwandansa, har da kibiyoyi. Na gane ka haƙura ke nan. Na nuna wa Malama Juwairiyya, ta ce zanenka ya fi na wasu ɗalibanta.

Ga bayanin da ta yi min, yadda na fahimce shi. Taransifomomin nan biyu da ka ciro daga tsofaffin na'urorin ɗumama abinci ba duk wutar da suka ja suke cinyewa ba. Wani kaso yana shiga ya sake komawa cikin layi, ya shiga ya koma, haka nan ba tsayawa. Mita mai bakin kaguwa duk zirga-zirgar take ƙirgawa, mai shiga da mai fita. Abin da injin ya ci da gaske, wanda ya zama tartsatsi da zafi da ƙara, sai an samu mitar da ke ware shi. Ta ce wadda ta fi dacewa ita ce tsohuwar mitar gida mai faifai, irin wadda muka taso muna gani a zaure kafin zuwan mai kati. Ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta rikice, ƙarfe ne da maganaɗisu, kuma abin da aka ci kawai ke juya faifanta.

Jiya Juma'a na shiga kasuwa wajen 'yan gwangwan. Ka san cunkoson ranar kasuwa, ga motocin shanu, ga rana. Na bi rumfa rumfa ina kwatanta abin da nake nema, wasu suna kallona kamar na ɓata hanya. A can ƙarshe, kusa da masu tsofaffin injinan ban ruwa, na samu guda biyu a cikin buhu. Ɗaya faifanta ya lanƙwashe. Ɗayar gilashinta ya tsage amma da na hura faifan ya juya sumul. Ita na ɗauka.

Malama ta haɗa ta a kan katako, filogi a gefe ɗaya, soket a ɗaya gefen. Ni na ce kada mu yarda da ita sai mun jarraba ta da abin da muka san nauyinsa. Na zo da dutsen gugarmu, wanda aka rubuta wat dubu a gindinsa. A jikin mitar an rubuta faifan yana zagaye ɗari shida kafin a ci yunit ɗaya, ka ga ke nan dutsen guga ya kamata ya juya shi sau goma a minti. Akwai jan ɗigo a gefen faifan. Na riƙe agogo, na zuba wa ɗigon ido, muka tabbatar fitilar dutsen ba ta mutu a tsakiya ba. Goma cif. Tsohuwar nan ba ta manta aikinta ba.

Sannan muka kunna injinka. Tartsatsi yana ta tsalle, ƙara ta cika gidan, ni kuwa ko kallonsa ban yi ba, idona yana kan jan ɗigo. Bakwai. Muka bar shi ya huce muka sake, bakwai. Na uku ya ɗan gota kaɗan. Wat ɗari bakwai ke nan. Bai kai dutsen guga ɗaya ba. Amma kuma ba ɗari uku ba ne, Malam, in ka dawo sai ka gyara maganarka.

Da yamma na bi ta gindin taransifomar unguwa na tsaya daga bayan shinge na karanta farantin da ke jikinta. An rubuta ɗari biyu, wato dubu ɗari biyu a irin ma'aunin lissafin nan da ya ba ni dubu ɗaya da ɗari takwas. Ko da babbar lambar nan da ta tsorata ni aka yi lissafi, sai an jera irin injinka sama da ɗari kafin a cika ta.

Ƙasimu ya ce in na je gaban kwamiti in nuna musu mai faifai kawai, in bar ɗayar a gida, kada in ba su abin kamawa. Na san don mu yake faɗa. Amma Malama ta gaya min wayar fal da taransifoma amfiya takwas ɗin nan suke ɗauka, ko an ci ko ba a ci ba, don haka ita ma lambar gaskiya ce. In na ɓoye ta, wani ya zo daga baya ya gano, duk abin da na nuna ya zube. Da biyun zan je.

Saura wurin gwaji. Gidanmu babu wuta, kuma in na yi a wani wuri za a ce an yi dabara. Na yanke shawarar in roƙi Alhaji Gwadabe a yi a ƙofar gidansa, da soket ɗinsa. Ka taya ni da addu'a.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Mas'uda.


Wudil,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Baban Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙarin lafiya. Ƙasimu ya ce likita ya sa ranar kwance wayar bakin. Allah ya kai mu, ya sa a yi a sa'a. A gaida Hajiya da kyau.

An yi gwajin jiya bayan la'asar.

Da farko Alhaji ya ƙi. Ya aiko cewa wanda ya rasa firji ɗaya ba zai miƙa sauran kayansa ba. Na koma ta wajen matarsa na ce a zare duk abin da ke jikin soket a gidan, a sa fis ƙarami a kan layin gwajin, in wani abu ya wuce kima fis ɗin ne zai tafi. Na kuma ce shi da kansa zai riƙe agogo ya ƙirga, ni ba zan faɗi lamba ko ɗaya ba. Ina jin wannan ne ya sa ya yarda.

Mutane sun taru fiye da yadda na zata. 'Yan kwamiti a kan benci, liman a gefe, mata suna leƙe ta ƙofofi. Malama Juwairiyya ta zo, ta ja layi a ƙasa da gawayi ta ce kada kowa ya tsallake, sannan ta koma gefe ta tsaya. Ta ce maganar tawa ce, ni zan yi. Ban taɓa tsayawa gaban maza masu yawa haka ba. Sai na ɗauka aji ne, na fara daga inda nake farawa da ɗalibai.

Na ce a kawo dutsen guga daga gidan Alhaji, ba nawa ba. Aka kawo. Na nuna masa jan ɗigon, ya sa tabarau, ya ƙirga da ƙarfi kowa yana ji, ya samu goma. Daga nan na ce kowa ya matsa baya, na yi bisimilla na kunna injin da hannuna. Da tartsatsin farko ya fita wasu suka miƙe daga kan benci, wata mata ta yi salati. Alhaji bai motsa ba. Ya ƙirga har minti ya cika, ya tsaya a bakwai. Ya ce a sake. Aka sake. Ya cire tabarau ya goge, ya miƙa wa liman agogon ya ce shi ma ya ƙirga. Liman ya samu bakwai.

Sai na fito da mai bakin kaguwa. Na gaya musu akwai wata lamba da ba ta yi mana daɗi kamar wannan ba, kuma ga ta. Na maƙala a wayar dutsen guga, allura ta tsaya ƙasa da biyar. Na maƙala a ta injin, ta hau takwas. Na ce a wajen nauyin da waya take ɗauka, injin ya kusa dutsen guga biyu. Wani daga baya ya ce to ai ga shi nan. Na ce haka ne, ga shi nan, dutsen guga biyu. Na tambaya gida nawa ne a layinmu ake guga ranar Asabar da yamma saboda kayan makaranta. Sai na ga mata suna kallon juna.

Alhaji ya dube ni ya ce, “Malama, to firjina fa? Me ya kashe shi?”

Na ce, “Wallahi Alhaji ban sani ba. Abin da na iya aunawa shi na auna. Wanda ban auna ba, ba zan faɗa ba.”

Ya gyaɗa kai. Ban ce ya ji daɗi ba, asararsa tana nan inda take. Amma da 'yan kwamitin suka keɓe suka dawo, shi ya faɗi hukuncin da bakinsa. Za a mayar mana da waya. Injin zai zauna, da sharaɗin a sa masa fis nasa, kada a kunna shi lokacin salla, kada kuma a kunna lokacin labaran rediyo, don ashe duk sanda ka kunna rediyoyin layin nan sai su yi ta ƙara kamar ana suya. Wannan koken gaskiya ne, na karɓa a madadinka. Akwai mutum biyu da har aka watse suna cewa su dai ba su yarda ba. Na bar su.

Yau da hantsi aka hau fal aka ɗaura wayar. Ina rubuta maka wannan fanka tana juyawa a kaina, Uwani ta yi barcin rana a kan leda ba ta ko motsi.

Akwai magana ɗaya. Cikin matan da suka leƙa jiya har da 'yan ajina uku. Yau ina shiga aji suka tare ni da tambayoyi, me ya sa abu mai ƙara haka bai kai dutsen guga ba, me ya sa mita biyu suka ba da amsa biyu kuma duka daidai ne. Shekara tara ina koyarwa ban taɓa ganin sun bi ni har ofis da tambayar lissafi ba. Na yi magana da shugabar makaranta, Malama Juwairiyya ma ta ce za ta zo ta tsaya a kan tsaro. Ranar Laraba zan kai injinka da mitocin biyu makaranta, kowace yarinya ta riƙe agogo ta ƙirga da kanta.

Na san za ka so ka rubuto ka ce in dakata sai ka dawo. Rubuta abinka, zan karanta da ladabi. Sai dai Ƙasimu ya ce ba zai juyo daga Gombe ba sai ranar Alhamis.

Allah ya ba ka lafiya, ya dawo mana da kai gida.

Matarka mai ƙaunarka,
Mas'uda.